Ranar da Aka Yi wa Ɗorawata Kwalliya

In dai da raina da hankalina, ba zan manta da abin da aka yi wa ɗorawata ba. Shekaru sun wuce, amma har yau ban huce ba.

Ɗorawar tana gonarmu ta hanyar Dabai, a gindin dutse. Gona ta maigidana ce, itacen kuwa nawa ne, surukata ta bar mini kafin ta rasu. Daga jikinta nake samun kalwar da nake yin daddawa, ta miya da ta kasuwa. Tana da wani babban reshe da ya ƙi yin sama kamar 'yan'uwansa. Ya miƙe gefe, ya sunkuyo har ya kusa taɓa ƙasa, sannan ya sake ɗagowa. Shi ya fi kowane reshe 'ya'ya, kuma a tsaye nake tsinkarsu, ba sai na roƙi kowa ya hau mini ba.

Wata rana da rani, tana cikin fure, na je dubawa sai na tarar da babur a bakin gona, da wani mutum kwance rigingine a ƙarƙashinta. Na ce shi ke nan, masu gawayi sun iso. Na ɗauki ƙotar fartanya na tsaya a kansa.

"Malam, gawa ce ko mai rai?"

Ya zabura ya miƙe. "Mama, hoto nake ɗauka."

"Hoton wa? Ba kowa a sama."

"Na itacen ne."

Na yi dariya har na dafa gwiwa. Bai ji haushi ba, ya juyo mini da bayan kyamarar. Sai dariyar ta tsaya. Ga furannin nan jajaye, kowanne a rataye kamar da zare aka ɗaura shi. Ga karkataccen reshen ya ratsa gaban dutsen, inuwarsa ta kwanta a kan kunyoyi. Ni da na yi shekaru ina kallonta ina ganin miya, ranar na san ashe kyakkyawa ce. Ya ce yawo yake yana ɗaukar itatuwa, za a nuna hotunan a Abuja. Amma ya ce rana ta yi sama, hasken ya yi kaifi, zai dawo jibi da sassafe.

Na faɗa wa maigidana, shi kuma bai iya riƙe ruwa a baki ba, ya kai wa wansa. Wan nasa ya taɓa tsayawa takarar kansila ya faɗi, amma tun daga nan in ba ka ce masa Onarabul ba, ba ya amsa gaisuwa. Da ya ji Abuja sai ya ce wannan ba maganar mata ba ce, maganar mutuncin unguwa ce.

Washegari ban leƙa gona ba. Lokacin na fara ajin yaƙi da jahilci, daga can kuma na wuce barka. Sai ranar alkawari na kama hanya da sassafe. Tun daga nesa na hango wani abu fari fat. An shafe gindin ɗorawata da farar ƙasa har iya ƙirji, yadda ake yi wa itatuwan bakin titi in gwamna zai wuce. An share ƙasa tas, an jera kujerun roba. Maza sun sha manyan riguna, har da maigidana cikin hular aro. Reshena kuwa yana kwance can gefe, an faskara shi, furanni warwatse a ƙasa.

Tun da aka kawo ni gidan ban taɓa kallon ƙwayar idon wan mijina ba. Ranar na kalla.

"Yaya, wa ya sare reshen nan?"

"Gyara muka yi. Kina so a kai karkataccen abu Abuja a ce mu ƙauyawa ne?"

"Ai kai ma ƙafarka ta hagu a karkace take, kuma ba wanda ya kawo gatari."

Maigidana ya ce, "Ke, ke, a gaban mutane?" Na ce da shi ya gyara hularsa, ta fi shi girma.

Muna cikin haka mai hoto ya iso. Ya kashe babur, ya tsaya yana kallo, sai salati yake. Onarabul ya tarye shi da hannu biyu. "Ba sai ka yi godiya ba, aikinmu ne. Ta ina za mu zauna?" Mai hoton ya dube ni, ya ce, "Mama, Allah Ya ba da haƙuri." Ko buɗe jakarsa bai yi ba. Ya juya ya hango wata tsohuwar kuka a bayan dutse, wadda ba ta da mai ita, awaki ne kawai ke shan inuwarta. Can ya tafi, ya kwanta a ƙasa ya yi ta ɗauka har hantsi. Su kuwa suna zaune cikin manyan riguna, suna gumi, suna jiran a kira su.

Shekarar nan kalwar da na samu ba ta kai rabin ta da ba. Daddawa ta kasuwa dai ban yi ba. Ta miya kuwa na zuba wa kowa, ban da kwanon Onarabul. Da ya aiko a tambaya me ya sa miyar ta yi lami, na ce a gaya masa gyara aka yi mata.

Reshen bai sake fitowa ba. Abin da na koya shi ne, akwai masu ɓarna da ba su zuwa da fuskar mugunta, da sunan taimako suke zuwa, su gama kuma su tsaya jiran godiya. Tun daga ranar, duk wanda ya ce zai gyara mini abuna don baƙi su gani, sai in ce ya ajiye gatarinsa a waje tukuna, sannan mu gaisa.