Ɗigo Uku na Ƙafar Babana

Ana sallame sallar asuba muka bar Kano, ni da abokin aikina mai haɗa mana sauti, kwamfuta a cinyata. Shekara guda ke nan ina gina gem, wato wasan waya, a kan kamun kifi, da irin zanen waɗanda muka buga muna yara a shagunan Haɗeja: launi goma sha shida kacal, komai da ɗigo masu kusurwa huɗu, mutum bai fi ƙwayar wake ba. Masuncin da ke ciki marigayi babana ne. Ba mu da hotonsa ko ɗaya, ambaliya ta tafi da su. Cikin waɗanda suka yi kamun kifi tare da shi mutum ɗaya ya rage, ƙanensa Baffa, shi ma idonsa ya fara ja da baya. So nake ya gane ɗan'uwansa tun yana gani.

Hanya sumul har Ringim, daga nan ramuka suka fara yi mana sannu da zuwa. A Gujungu muka karya da koko da ƙosai. Ƙosan ya ƙanƙance, kuɗinsa ya yi ƙiba. Abokina ya ce shi ma an rage masa ɗigo ne.

Muna shiga Haɗeja na nufi wajen wani mai gyaran rediyo, ina neman tsohuwar talabijin mai doro. A gilashin zamani gefen kowane ɗigo kaifi gare shi kamar an yanka da reza. Tsohuwar kuwa narkar da gefen take, launuka su shiga juna, ga siraran layuka baƙaƙe a kwance. Na san yadda ake kwaikwayon hakan a kwamfuta, amma ina son ganin na asali. Mai gyaran ya ɗauka 'yan gwangwan ne mu, sai da ya ga ina goge wa wata tsohuwar talabijin ƙura da hannun rigata.

Daga nan muka ɗauki hanyar Kirikasamma. Shinkafa kore shar hagu da dama, shanu cikin ruwa iya gwiwa, ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwan da na sani a buɗe. Nan na ga kuskurena na farko. Kogin gem ɗina shuɗi ne, don haka na saba gani a gem ɗin Turawa, alhali namu kalar shayi mai madara ne. A cikin motar na cire shuɗi uku na sa ruwan ƙasa.

Bayan la'asar muka jona talabijin a shagon mai cajin waya na ƙauyenmu. Baffa ya matso har hancinsa na neman taɓa gilashi.

"Wane ne wannan ya ɗare gora kamar mai jiran shayi?"

Shagon ya kwashe da dariya. Masuntanmu da babbar gora suke shiga ruwa, ni kuwa na zaunar da babana a kanta ɗoɗar.

"Ɗan nan, ba a zama kan gora," in ji Baffa. "Kifa ciki ake, ƙirji ya rufe bakinta, hannu da ƙafa su yi tuƙi. Boko ya cinye ka."

Kunya ta kama ni, ɗan masunci guda. Amma gyara ba ya ba ni tsoro. Da safe Baffa ya sa wani maƙwabcinsa ya shiga ruwa ina kallo ina zanawa. Muna tsaye ya ƙara da cewa, "Yaya kuwa ƙafar hagunsa kullum a sama take, tun da ƙayar kifi ta soke shi. Da dama kaɗai yake tuƙi."

Na kwantar da mutumin a kan gora. Na ɗaga ƙafar hagu da ɗigo uku, ta dama na sa ta tana bugun ruwa. Muka koma shago.

 Baffa ya ɗora yatsa a kan gilashin yana bin ɗan mutumin. "Yaya ke nan. Haka yake wuce mu." Ni dai na yi kuka, ba zan ɓoye ba.

Mun kamo hanyar gida da bandar tarwaɗa cike da kwali, talabijin a kujerar baya ɗaure da rawanin abokina, muka shiga Kano gab da magariba. Abin da na koyo shi ne rage launi da ƙara layuka kowa ma ya iya. In ɗigonka kaɗan ne, sai ka san wanda ba ya ciruwa, kuma wannan a bakin mutane ake samunsa.

Da muna sallama Baffa ya tambaye ni me ke faruwa in mai wasa ya faɗi. Na ce gora ce ke kifewa, mutumin ya nutse. Ya riƙe hannuna ya ce, "A'a. Yaya bai taɓa kifewa ba." Ina ajiye jaka na goge wannan ɓangaren. Yanzu in ka faɗi, komar kamun kifinka ce za ta fito wayam, babana kuwa ya tuƙa gorarsa ya koma gida.