Neman Lawali, Daga Anka Har Bakin Gulbin Gummi

Talata: Gusau zuwa Anka

Ƙarfe biyar da kwata na fito daga masallaci, na rataya jaka na nufi tasha. Mai ɗakina ta biyo ni har ƙofa da goran kunu tana cewa, "Duk injiniyoyin Gusau kai kaɗai aka ga ya dace da hanyar Anka?" Na ce mata babu wanda ya aike ni, ni na aiki kaina.

Ga abin da ya tashe ni. A reshenmu na ƙungiyar injiniyoyi, ni aka ɗora wa kula da ɗalibai. Kowace shekara sukan shigo da ɗoki, su karɓi kati, su zo taro sau biyu, daga nan a neme su a rasa. Har mun saba. Amma ɓacewar Lawali ta tsaya mini a rai. Ɗan Anka ne, yana shekarar ƙarshe a fannin ƙere-ƙere. A gasar ɗalibai ta bara ya kawo zanen injin da zai niƙa dutsen zinare cikin ruwa, don garin dalma ya daina tashi mutane suna shaƙa. Minti biyar muka ba kowa. Turanci ya sarƙe masa, wasu a baya suka yi dariya, ni kuwa na duba agogo na kaɗa ƙararrawa. Ya naɗe takardarsa ya zauna. Tun ranar bai sake zuwa taro ba, wayarsa ba ta shiga. Sai ga malaminsa ya gaya mini an koma makaranta mako uku babu shi, kuma in wata ya ƙare bai yi rajista ba, shekarar ta tafi.

Sammakon nawa bai amfane ni ba. Direba ya ce, "Alhaji, hanyar ga ba a yi mata gaggawa. Sai mun ga motar farko ta iso daga can, sannan mu tahi." Ba mu tashi ba sai takwas saura kwata, mu bakwai a ƙaramar mota. Bayan mun saki babban titi a Mayanci, hira ta mutu, kowa ya kama tasbihinsa. Gero an girbe, dawa kuwa tana tsaye ta fi mutum tsayi, ido ba ya ganin nesa. A shinge na uku wani soja ya buɗe jakata ya ga abin awo da littafi.

"Baba, tela ne?"

"Tela ne, amma gadoji nake yi wa awo."

Ya yi dariya ya ɗaga mana hannu. Sha ɗaya saura muka shiga Anka.

A layin masu walda na ambaci sunan Lawali sau ɗaya, aka raka ni gidansu. Mahaifiyarsa, Inna Kulu, ta sa aka shimfiɗa mini tabarma a zaure, ta tsaya daga ƙofar ciki muka gaisa. Ta ce Lawali ya tafi Bukkuyum tun Lahadi, an kira shi gyaran famfo. Ta aiko mini da hoce da fura mai sanyi, sannan ta ce, "Kai ne na ƙungiyar? Shi kan ce ku manya ne, ba ku da lokaci."

Sai na tambaye ta inda ya samo tunanin injin.

"Dauri a ƙauyen Sunke muke," in ji ta. "Cikin gida muke dakan dutsen, a turmin da muke dakan hatsi. Ba mu san da guba ba. Ɗiyana biyu na binne cikin wata guda, ƙannenshi. Shi ya ɗauki ƙaramar zuwa asibiti, a kafaɗarshi ta cika." Ta gyara mayafi ta ƙara da cewa, "Ban iya karatu ba, amma na san ban so shi aje nashi."

Injin yana shagon wani mai walda, Malam Sani. Na ɗauka zane kawai zan gani, ashe ya ƙera shi. Duro ne na ƙarfe a rufe, an haɗa shi da injin ban ruwa, bututu na zuba ruwa ciki yayin da dutse ke niƙuwa. Aka tayar mini da shi. Na kara farin hankici a bakinsa tsawon minti goma, ya fito fari. Awa biyu na yi a durƙushe ina aune-aune, gwiwata tana ƙara, ban ji ba.

Sai na tambayi inda ruwan wankin ke tafiya.

"Rariya muka yi mashi, shina gangarawa kududduhin bayan gari," in ji Malam Sani. "Sau biyu dai muka gwada."

"Wa ke shan ruwan kududdufin?"

Ya ce, "Shanun Fulani." Na roƙe shi kada a sake gwadawa sai na dawo masa da magana. A masaukin baƙi, tsakanin la'asar da magariba, na zana ramuka biyu na siminti inda laka za ta kwanta, ruwan ya koma cikin injin.

Laraba: Anka zuwa Bukkuyum

Takwas da kwata muka tashi. Damina ta ci hanyar. A wani kwalbati da ruwa ya yashe gefensa duk muka sauka mota ta lallaɓa. Direban ya ji ana kirana injiniya, ya nuna ramin da baki.

"Ku ne kuka yi ta?"

"Ba ni ba ne, amma 'yan uwana ne."

"To ka gaishe su."

Goma da rabi muna Bukkuyum. Ɗan kabu-kabu ya kai ni unguwar da aka yi gyaran. Na tarar da mata da jarkoki a layi, famfon mai aiki da hasken rana yana zuba kamar da bakin ƙwarya. Mai unguwa, dattijo mai fara'a, ya ce wata huɗu famfon yana tsaye, Lawali ya tashe shi cikin yini ɗaya. "Injiniya Lawali kake biɗa? Ka makara. Jiya da marece manoman rani suka ɗauke shi Gummi. Mutanen Adabka ma sun aiko, suna bisa layi." Na buɗe akwatin wayoyin na duba. Kowace waya ya ɗaure ta, ya rubuta mata suna da Hausa, don wanda zai zo bayansa.

Mai unguwa ya hana ni tafiya sai da na ci tuwon dawa da miyar yakuwa. Ya ce in na same shi in gaya masa yana da gida a Bukkuyum. Bayan azahar na sami mota.

Laraba da yamma: Gummi

Uku da rabi muka isa. Ƙamshin soyayyen kifi ya tare ni tun daga tasha, amma ban tsaya ba. Kabu-kabu ya sauke ni a fadama, na ƙarasa da ƙafa. Can bakin gulbi na hango shi, wando a naɗe, hannu duk baƙin mai, ya kwance injin ban ruwa a kan buhu. Da ya ɗago ya gan ni sai ya miƙe, ya rasa inda zai sa hannunsa.

"Yallaɓai! Lahiya?"

"Lafiya lau. Kwana biyu nake bin sawunka."

Muka zauna a gindin mangwaro. Ban yi kewaye-kewaye ba. Na ce masa ranar gasa na yi kuskure, na ga ya sarƙe, maimakon in ce ya yi bayani da Hausa sai na kaɗa masa ƙararrawa. Na ce ya yafe mini.

Ya kalli ruwa ya ce, "Ba dariyar ce ta dame ni ba, Yallaɓai. Shekara uku ina ƙungiya. Mu ke jera kujeru, mu ke raba ruwa, mu tafa ma masu jawabi. Ba wanda ya taɓa tambayata mi nike ƙerawa. Nan kuwa in na gyara inji, albasa ta sha ruwa, mutum ya yi mani addu'a. Mi zan koma yi?"

Na ce, "Na ga injinka."

Ya juyo da sauri.

"Ya fi ƙarfin minti biyar. Amma dalmar da ka hana tashi sama, ka tura ta ruwa. Daga kududdufi sai cikin saniya, daga saniya sai ƙwaryar nono."

Fuskarsa ta canza. Ya dafe kai da hannun nan mai baƙin mai yana salati. "Hurar da Inna ke damawa, nonon can ne." Na ce masa gwaji biyu ne kawai, kuma na tsayar da shi, za mu sa a auna ruwan. Na miƙa masa littafina. Ya ƙura wa zanen ido, yatsansa yana bin layin bututu, ya jero mini tambayoyi har aka kira la'asar ta wuce mu, muka yi alwala a gulbi.

Bayan sallah na ce, "Ka ga amfanin 'yan uwa. Ido ɗaya ba ya ganin duka. Ni ma da ba a duba mini aikina na farko ba, da gada ce za ta faɗi. Ka koma ka ƙarasa. Ba takardar shaida, ba wanda zai bari injin nan ya wuce shagon Malam Sani."

Ya ce, "In na koma, Baba, kujeru zan ci gaba da jerawa?"

Na lura Yallaɓai ya koma Baba. Na yi masa alkawari uku, na kuma rubuta su a gabansa: kowane ɗalibi za a haɗa shi da injiniya ɗaya da zai riƙa duba aikinsa, a gasa kowa ya yi bayani da harshen da ya fi iyawa, kuma taro na gaba ba jawabi, injinsa za a kawo a kwance a gaban kowa. Bai ce to ba, bai ce a'a ba. Ya ce saura inji huɗu ya gyara wa mutane, ya riga ya yi alkawari. Ya roƙi in bar masa shafin zanen, na yage na ba shi. Daga nan ya ja ni wurin mai kifi, ya hana ni sa hannu a aljihu.

Alhamis: Komawa gida

Na kwana gidan wani abokin karatuna. Takwas muka bar Gummi, muka bi ta Anka ba tsayawa, uku saura na shiga gida da ƙullin kifi da ciwon baya. Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni. Ina kuma gode wa Inna Kulu, da Malam Sani, da mai unguwar Bukkuyum, da direbobin da ke bin hanyar nan kullum da ransu a hannu. Allah ya zaunar mana da yankin lafiya.

Kwana shida ban ji komai ba, har na fara cire rai. Ranar Laraba da hantsi ina ofis wayata ta yi ƙara.

"Baba, Lawali ne. Na yi rajista." Kafin in gama hamdala ya ƙara da cewa, "Amma ramin naka na biyu ya yi kaɗan. In injin ya yini yana aiki, zai cika ya tumbatsa. Na sake lissahin."

Na jawo takarda na bi lissafin nasa layi-layi, sau biyu. Yaron ya fi ni gaskiya.