Irin nonon uwar Shoba

Duk Bahaushen da ya zauna a garin Greensboro na Amurka a shekarun tamanin ya sha nonon Anti Rumasa'u. Matar Malam Muntari ce, wanda ya zo karatun noma, ita kuwa ɗinki take yi a gida. Mace ce mai kyauta har da ta ganganci, wadda ta fi son ta kwana da yunwa da a ce baƙo ya tashi bai ƙoshi ba.

Maƙwabciyarta Shoba, 'yar Indiya, ita ta koya mata lassi. Nono ne ake burgawa da ruwa da sukari da ƙanƙara, har Rumasa'u ta ce ai wannan fura ce da ta rasa gero. Sirrin yana ga iri, wato ɗan cokalin tsohon nono da ake zuba wa madara mai ɗumi ta kwana. Na Shoba daga hannun mahaifiyarta ya fito, ta riƙe shi shekara da shekaru bai yanke ba.

Da azumin wata bazara aka aiko wa Shoba uwarta ta rasu. Da za ta tafi gida, ta kawo kwalbar irin, ta roƙi Rumasa'u ta riƙa sabunta shi kafin ta dawo.

Ana haka Muntari ya kwaso baƙi shan ruwa, ga zafi kamar a gasa mutum. Lassi ya ƙare, sai wani dattijo, Alhaji Sale, ya sake miƙo kofi. Yaya Rumasa'u za ta dubi mai azumi, sa'an ubanta, ta ce babu? Ta juye kwalbar amana, ta burga, aka sha ana sa mata albarka. Yarinyar da ke taya ta aiki kuma ta wanke kwalbar tas.

Kunya ta hana Rumasa'u faɗa wa ko da mijinta. Ta hau bas ta sayo yogot, kindirmon kanti, ta kafa sabon nono da shi, ta zuba a kwalbar.

Da Shoba ta dawo, Rumasa'u ta shirya jin kowace irin magana. Shoba ta ɗanɗana, sai hawaye.

"Kamar Mama tana kicin ɗin nan," in ji ta. "Na gode, 'yar'uwata."

Da zagi ne da ya fi wa Rumasa'u sauƙi. Ta sunkuyar da kai.

Bayan shekaru Shoba za ta ƙaura, ta ɗebar wa Rumasa'u cokali guda na irin, ta ce ita kaɗai ta yarda da ita, kada ta bar na Mama ya mutu. Tun daga ranar, ko baƙi sun cika falo, Rumasa'u takan ware wannan cokalin, ta dubi babban mutum ta ce masa nono ya ƙare.