Ranar da Nasiru ya sauke sanduna a bakin rijiya

Ko da na iso, sanduna sun riga sun tashi sama a bakin rijiyar ƙauyenmu, kusa da Turba. Shekarar farin nan ce, rijiya guda ta rage mai ruwa. Ga matanmu da bokitai, ga Fulani da shanunsu sun galabaita, kowa na cewa shi ne farko.

Sai ga Nasiru, ɗan ƙanwata da ya gama sakandare. A satin na wanke shi tas kan sakamakon jarabawarsa, har na ce shekara shida ya yi a banza.

Bai bi ta kan masu hayaniya ba. Ya wuce wurin wani dattijon Bafulatani da ke gefe, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa. Ya gaishe shi, ya tambayi lafiyar shanu.

Dattijon ya ce, "Kwana biyu ba su sha ba."

Nasiru ya ce, "Baffa, yau za su sha. Ku bari mata su ɗiba zuwa azahar, daga nan rijiya taku ce. Gobe za ni shiga in yashe ta, ku ba ni mutum biyu su ja ƙasa."

Dattijon ya ɗaga hannu, sanduna suka sauka. Kashegari aka yi yasa, ruwa ya ishi kowa.

Ni kuwa, da digirina, ko sallama ban tuna na yi ba.

Jama'a, ku gaya mani, a wace jarabawa ake auna wanga ilimi?