Fida a Ƙarƙashin Hijabi

Ranar da ake cirar gyaɗa a gonar bayan gidanmu ne, da hantsi. Ina ɗaki ina ba yaron nono, na sa hannu in gyara masa baki, sai yatsana ya taɓa wani abu mai tauri a nonon hagu, can wajen hamata, kamar ƙwayar gurjiya. Na danna, bai yi zafi ba. Rashin zafin ne ya tsinka mini zuciya, domin a ajinmu na ƙarshe a sakandare wata malama ta taɓa ce mana wanda ba ya ciwo shi ne abin tsoro.

Kwana uku ban gaya wa kowa ba. A na huɗu na gaya wa Malam, mijina, yana shirin fita Islamiyyar da yake koyarwa. Ya ajiye littattafan, ya ɗauke ni a babur zuwa ƙaramin asibitin da na yi awo, ta hanyar Gezawa. Daga can aka tura mu birni. Likitar da ta duba ni, bayan an yi hoto, ta ce ba za ta yanke magana ba sai an cire abin an kai gwaji. Ta ba ni rana, saura kwana goma sha biyu. Ta ce zan kwana biyu a gado, kuma ba a shiga ɗakin da jariri.

"To me zai ci?" na ce. Watansa biyar, bai taɓa sa komai a baki ba sai nono.

"Ki koya masa fida tun yanzu," in ji ta. "Ki fara da naki, ki tatsa ki zuba, daga baya ki gwada madarar jarirai."

Tun a motar dawowa tsorona ya koma kan fidar. Ban iya tunanin ciwon daji kai tsaye ba, abin da nake gani kawai shi ne yaro yana kukan yunwa ba ni a gidan. Na ƙudurta a raina, in bai karɓa ba, ba inda za ni.

Inna, mahaifiyar Malam, ita ta karɓi aikin. Ta juya kwalbar a hannu, ta matsa kan robar, ta shinshina.

"Bakwai na raina, ban san wannan ba," ta ce. "Amma kawo. Mijina ne, in na ba shi zai ci."

Haka take kiran jikan nata, mijinta ko maigidanta. Kafin komai sai ta ce in tatso kaɗan a ludayi, ta kamo tururuwa ta jefa ciki, wai in nonon ya lalace tururuwar za ta mutu. Muka tsuguna mu biyu muna kallo. Tururuwar ta yi iyo ta kama bakin ludayin, ta fita ta yi tafiyarta.

"Kin gani, 'yar nan? Lafiyarki ƙalau."

Na san tururuwa ba likita ba ce, amma ranar na ci tuwo sosai.

Maigidan nata kuwa ya ƙi. Da ta kai masa robar baki sai ya dube ta, ya turo ta waje da harshe, ya yi mata dariya. In ta matsa, ya banƙare ya cika gidan da kuka. Ta ɗumama robar a ruwan zafi, ya ƙi. Ta ce hudar ce ta yi ƙanƙanta, ta gasa allura ta ƙara ta, nono ya kwararo masa har cikin kunne, sai da Malam ya sake nemo wani kan. Wata maƙwabciya ta leƙo ta kan katanga ta ce a shafa zuma. Na ce a asibiti an hana ba jariri zuma, duk da ban saba musa wa manya ba. Aka gwada cokali, ya fesa wa Inna a fuska.

"Kai, tsohon banza," ta ce tana goge ido da bakin zani. "Ka ƙi girkina ko? To sakin ka zan yi, in auri mai haƙora."

Rana ta shida aka yanke shawarar a bar shi da yunwa daga safe zuwa azahar. Ban kai ba. Tun kafin rana ta take tsaka na ɗauke shi daga tabarma, wai zan canza masa wando, na shige ɗaki na ba shi. Da na fito Inna ta dubi bakinsa, ta dube ni.

Akwai abin da ya kamata in faɗa tun farko ban faɗa ba. Ɗan fari ne. A wajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, balle ta zauna gaban surukarta ta ba shi nono. Ni tawa kunyar har ta wuce ta kowa. Tun da na dawo daga wankan jego, in zai sha sai na shiga ɗaki, na saki labule, na juya wa ƙofa baya, na zura babban hijabina ruwan ƙasa, na sa shi a ciki. A can cikin duhun yake sha, hannunsa ɗaya riƙe da bakin ɗinkin, ni kuma ina yi masa magana ƙasa-ƙasa, irin wadda ba zan yarda kowa ya ji ba. Ba wanda ya taɓa ganin yadda yake cin abincinsa. Ita kuwa Inna a tsakar gida take ba shi fida, cikin hasken rana, kaji na wucewa, awaki na kuka, yara na leƙe.

Ban haɗa abubuwan nan biyu a kaina ba. Ko da na haɗa, ban san da wane baki zan faɗa mata ba.

Saura kwana uku, na riga na fara shirya yadda zan ce wa Malam na fasa zuwa. Bayan la'asar ina ɗaki, yana ciki yana sha, ina kuka a hankali ina ce masa ya taimake ni. Ban ji sallamar Inna ba. Sai ganin ƙafafunta na yi a gefena, ta shigo neman rariya.

Ta tsaya tana kallon tudun da ke motsi a ƙarƙashin hijabin.

"Kullum haka kike ba shi?"

Na sunkuyar da kai.

"Ikon Allah. Ashe mijin nawa ɗan kulle ne, ni kuma ina ta kai masa abinci bakin kasuwa." Ta yi dariya har ta dafa bango. "Kwana tara kina kallona ina shan wahala. Cire ki ba ni. Kada ki wanke shi."

Washegari da safe ta sa na tatsa, ta kore ni daga gidan gaba ɗaya, ta ce in je gona in taya masu tsinkar gyaɗa, kada ya ji ƙamshina. Na zauna a gindin darbejiya ina tsinka, kunnena na gida. Ban ji kuka ba, shi ma shirun ya tsorata ni. Da na kasa haƙuri na lallaɓo na leƙa ta gefen labule. Ga Inna zaune a bakin gadona, ta juya wa ƙofa baya, hijabina ya sauko mata har ƙasa don ta fi ni gajarta, tana ta ƙunƙuni a ciki. Can sai hannunta ya fito ta ƙasa riƙe da fida, babu ko ɗigo.

Na koma bayan rumbu na yi kuka na ƙoshi. Ranar da yamma ya sha madarar gwangwani ma, bayan ya ɗan yi yanga.

Aikin bai daɗe ba, aka ce, ni dai ban san an yi ba. Mahaifiyata ce ta yi jinyata. Rana ta biyu Malam ya kira a waya, yana ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe ya ce jiya yaron ya farka Inna ta tafi gaisuwa maƙwabta, shi ya ba shi fida.

"Ya karɓa a hannunka?"

"Sai da na sa hijabin."

Na yi dariya har ɗinkin ya ja ni, nas ta leƙo ta ce in yi a hankali. Ya ce Inna ta dawo ta same shi a haka, ta kuma yi alkawarin in ya sake yi mata gardama a kan maganar takin gona, ɗalibansa za su ji labari.

Bayan mako uku muka koma karɓar sakamako. Wajen ƙarfe sha ɗaya aka kira ni. Likitar ta buɗe takardar, ta karanta, ta ɗago.

"Ba daji ba ne," ta ce. "Nono ne ya taru wuri ɗaya ya daskare. Mun cire, ya ƙare. Ki ci gaba da shayarwa."

Na ce ta sake faɗa. Ta sake faɗa a hankali. Malam yana ta hamdala a bayana, ita kuwa ta miƙo mini ruwa a kofi, na riƙe da hannu biyu na shanye.