Dattijon da ke Neman Baƙin Kati

Ina shara tsakanin injinan karta a gidan cacar da nake aiki a birnin Reno. Wani dattijo yana ta danna maɓalli, takardar ziyarar asibiti manne a rigarsa. Yau ake rufe tara makin baƙin kati, wanda gidan ke ba masu yawan caca su samu ɗakin kwana kyauta. Ina jin matarsa ce a kwance a asibitin, gidansu kuma da nisa.

Ya kira ma'aikaciya: "'Yata, duba min, kar dai ban saka katin daidai ba."

Ta yi dariya. "Haba Baba Orval, ai tun jiya makinka ya cika, ka haye!"

Ya sauke ajiyar zuciya. Ni ba na caca, amma na gode wa Allah da na ga ya miƙe ya bar injin.