Ciki ke Ciwo, Baya ke Shan Allura

"Likita, ciki ne ke murɗa masa, ba baya ba!"

Baffana ke nan, wanzami daga Disina, ranar da ya kawo ni asibitin Azare a kan jaki, zamanin Turawa. Sai amai nake, ko ruwa ba ya zama a cikina. Likita kuwa ya ce in kife, ya nufo bayana da allura.

Malamin asibiti ya ce, "Baffa, jijiyar da ke kai ƙarar ciki, ta baya take bi. Ita za mu sa barci."

Kafin la'asar ina neman fura.

Tun ranar, duk mai ciwon ciki da ya zo wurin Baffa, sai ya ce masa, "Juya!" ya kafa masa ƙaho a baya.

Allah ya jiƙan Baffa. Ku fa, wane tsoho ne a gidanku ya taɓa gyara wa likita aiki?